Gudawar Yara da Ɗakin Gwaji: Tambayoyin da Iyaye da Ɗalibai Ke Yi Mana a Katsina

Da zarar hunturu ya kankama, ɗakunan kwantar da yara a Katsina da Daura sukan cika da 'yan ƙanana masu amai da zawo kamar ruwa. Mu ma'aikatan ɗakin gwaji mu ake miƙo wa 'yar kwalbar kashi ta taga, mu kuma ake tarewa a baranda da tambayoyi idan sakamako ya fito. Wasu tambayoyin na iyaye ne, wasu na ɗaliban fasahar lafiya da ke zuwa koyon aiki daga Kankiya da Daura. Na tattara waɗanda suka fi yawan dawowa, na bar su yadda ake yin su.

Malam, an gwada kashin yarona an ce ba a ga komai ba, ga shi kuwa zawon bai tsaya ba. Ko dai ba a duba da kyau ba ne?

Hajiya, mai yiwuwa an duba shi sarai. Gwajin kashi da aka saba yi a asibitocinmu abu biyu ne. Na farko a shafa kashin a kan gilashi a duba da madubin ƙara girma, a nemi ƙwan tsutsar ciki, da amiba, da jiyadiya, da alamar jini ko mugunya. Na biyu a shuka shi a faranti a jira kwana biyu zuwa uku a ga ko bakteriya irin su shigela da salmonela za su tsiro. Bairas, wata ƙwayar cuta da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya bayyana a ko ɗaya daga cikinsu. Ba ya tsirowa a farantin bakteriya, don shi sai a cikin ƙwayar halitta mai rai yake hayayyafa, kuma ya fi ƙarfin ganin madubinmu.

Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kowane gida shi ne nanomita. Madubin da ke aiki da haske ba ya rarrabe abin da bai kai nanomita 200 ba. Rotabairas, babban mai sa yara zawo, bai wuce nanomita 70 zuwa 100 ba, norobairas kuwa wajen 30 ne. Neman su da wannan madubin kamar mutum ya hau Hasumiyar Gobarau ne yana neman ƙwayar gero a ƙasa da idonsa.

Saboda haka "ba a ga komai ba" ma'anarsa ba a ga tsutsa ko amiba ko bakteriyar da aka nema ba. Idan yaron bai kai shekara biyu ba, ya fara da amai da zazzaɓi, sannan zawo mai ruwa ba jini ya biyo baya, kuma lokacin sanyi ne, to wannan sakamakon ma ƙara nuna wa likita yake yi cewa bairas ne.

Waɗanne bairas ne ke sa zawon yara?

Guda biyar aka fi sani. Rotabairas ne a gaba. Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano shi a 1973 a birnin Melbon na Ostareliya, lokacin da suka duba ɗan yankin hanjin yara masu zawo da madubin lantarki, wanda ya fi na haske ƙarfin gani. An sa masa sunan ne daga kalmar Latin mai nufin wili, don siffarsa kamar ƙafar keke take. Kusan babu yaron da zai kai shekara biyar a duniya bai haɗu da shi ba, ɗan attajiri da ɗan talaka, sai dai mutuwar ta fi yawa inda ƙarin ruwa ke nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2013 ya kashe yara kimanin 215,000, kusan rabinsu a ƙasashe huɗu: Indiya, Najeriya, Pakistan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo.

Sai norobairas, wanda ya samo sunansa daga garin Nowok na jihar Ohayo a Amurka, inda ya kwantar da 'yan firamare a 1968, Albert Kapikian kuma ya gan shi a 1972. Shi ba ya barin babba ba ya barin yaro, shi ne mai bin makarantar kwana ɗaki-ɗaki. Sauran ukun su ne adenobairas na hanji, wato lamba 40 da 41, wanda zawonsa kan ɗan ja kwanaki, da astrobairas mai siffar tauraro da aka gano a 1975, da safobairas mai sunan birnin Sapporo na Japan.

Ba za a iya gane su daga launin kashin ko warinsa ba?

A'a. Tsofaffin ma'aikatan jinya kan ce sun san warin rota, ban kuma yi musu gardama ba, amma ba a rubuta sakamako da hanci. Abin da ido ke taimakawa da shi ɗaya ne: idan akwai jini da majina, atini ne, kuma shi galibi na bakteriya ne, maganinsa daban.

Kakarsa ta ce haƙori ne yake fitarwa. Mene ne na gwaji kuma?

Inna tana da gaskiya a kan lokacin, don ta raini yara da yawa ta ga abin yana zuwa tare. Daga wata shida haƙori ke fara leƙowa. A daidai wannan lokacin garkuwar da yaro ya taho da ita daga cikin uwa take raguwa, ya fara shan kunu da koko, ya fara rarrafe, duk abin da hannunsa ya taɓa sai baki. Haƙori na iya sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Zawon da zai sa maɗiga ta faɗa, idanu su zurma, yaro ya daina fitsari, wannan aikin ƙwayar cuta ne.

Rotabairas yana lalata ƙwayoyin saman bangon ƙaramin hanji, waɗanda ke tsotse ruwa da abinci, yana kuma fitar da wani furotin mai suna NSP4 da ke sa hanjin ya riƙa zubo ruwa. A giram ɗaya na kashin yaro mai wannan ciwo ana iya samun ƙwayoyi biliyoyi, alhali ƙasa da ɗari sun isa su kama wani yaron. Wannan yawan nasa shi ya sa gano shi a ɗakin gwaji ya fi na 'yan'uwansa sauƙi.

Akwai gwajin gaggawa irin na maleriya?

Akwai, kamanninsu ma ɗaya: 'yar farar roba mai ramin ɗigawa da tagar karatu. Ana ɗebo kashi kaɗan a dama shi a ruwan da kamfani ya haɗo da kayan, a ɗiga, ruwan ya bi takardar ciki kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. A jikin takardar an dasa antibodi, wani furotin ne da ke cafke baƙo guda ɗaya tak, kamar makulli da kwaɗonsa. Idan bairas ɗin na nan sai ya maƙale, layi mai launi ya fito. Layi biyu, an samu. Layi ɗaya a wajen harafin C, ba a samu ba. Idan layin C ɗin bai fito ba gwajin ya ɓaci, a sake da wani. Minti 10 zuwa 15 ya isa, kuma layin da ya bayyana bayan lokacin da takardar kamfani ta faɗa ba a lissafa shi.

Ga rotabairas wannan gwajin yana aiki sosai a kwanakin farko na ciwo. Akwai mai layi uku da ke duba rota da adeno tare, sai dai da yawansu duk wani adenobairas suke kamawa, har da na mura da yaro ya haɗiye, don haka a yi hattara da layin adeno. Na norobairas kuwa yana kuskure masu ciwon da yawa. Idan ya ce an samu a yarda, idan ya ce babu kada a rantse.

Wani abu da ya shafe mu nan arewa: yawancin waɗannan kayan an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 da 30. A watan Afrilu Katsina tana haura 40. Kwalin da ya yi bazara a kan kanta ƙarƙashin kwano ba abin dogaro ba ne ko da kwanan watansa bai ƙare ba.

Kafin waɗannan akwai gwajin latis, inda ake haɗa ɗigon kashi da ruwa mai ƙananan ƙwallaye a kan baƙin kati, idan bairas na nan su cure kamar nono ya tsinke. Har yanzu ana samunsa, amma na robar ya kore shi.

Mene ne ELISA da ake yawan ambata a binciken ɗalibai?

Dabararsa ɗaya da ta gwajin gaggawa, sai dai an yi ta cikin natsuwa, na'ura kuma ke karantawa. Faranti ne na roba mai ramuka 96, kamar gurabun dara, kowane rami an shafe gindinsa da antibodi. Ana dama kashi ɗaya na bayan gida da tara na ruwan gwaji, a zuba a rami, a ƙara antibodi na biyu mai ɗauke da enzayim, wato sinadarin da zai sa launi ya fito, a bar su wajen awa guda. Daga nan a wanke, a sake wankewa, sau biyar ko yadda kamfani ya ce. Sannan a zuba ruwan da enzayim ɗin ke juya wa launi. Ramin da ke da bairas ya yi shuɗi, a ɗiga ruwan tsayarwa ya koma rawaya, na'ura ta auna ƙarfin launin ta ba da lamba. Abin da ake kamawa a rota shi ne furotin VP6, wanda duk rota na rukunin A ke da shi, kuma rukunin A ne ke addabar yara.

Ɗalibai, wajen wankin nan ake faɗuwa. Wanda ya yi gaggawa ya bar ragowar enzayim a rami zai ga faranti duk ya yi rawaya, ya tafi ya rubuta cewa kowane yaro na da rota. Shi ya sa kowane faranti dole a sa masa rami mai bairas da aka sani, da rami wanda aka san babu komai. Idan waɗannan biyun ba su fito yadda ya kamata ba, a zubar da sakamakon ranar gaba ɗaya, komai tsadar kayan.

Aikin kan ɗauki kamar awa biyu. Bai dace da yaro ɗaya da aka kawo da tsakar dare ba, amma ga samfuri tamanin ko casa'in babu kamarsa. Shi cibiyoyin sa ido na Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi tun da aka kafa tsarin bin diddigin rota na duniya a 2008.

PCR fa? Ba shi ne na korona ba?

Shi ne. Annobar 2020 ce ta sa sunansa ya shiga bakin kowa, amma Kary Mullis ya ƙirƙiro shi tun 1983, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1993. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita ma PCR take yi.

Gwaje-gwajen da na ambata a baya rigar bairas suke nema. PCR kundin halittarsa yake nema, wato DNA ko RNA. Da farko a fasa ƙwayoyin a tace kundin daga cikin kashin, kuma wannan ne aiki mai wahala, don kashi cike yake da abubuwa irin su gishirin ɗaci na hanta da ke hana gwajin tafiya. Saboda haka ake jefa wani sanannen kundi a cikin kowane samfuri: idan shi bai fito ba, an san wani abu ne ya toshe aikin, ba za a ce wa iyaye babu bairas ba. Adenobairas DNA gare shi, kai tsaye ake shiga da shi. Sauran huɗun RNA gare su, sai an juya shi zuwa DNA tukuna, wanda shi ne ma'anar RT da kuke gani a gaban sunan, wato RT-PCR. Rota yana da nasa taurin kai, don RNA ɗinsa igiya biyu ce a murɗe, sai an gasa ta a wajen digiri 95 ta warware kafin a fara.

Daga nan na'ura ta riƙa zafafawa tana sanyayawa, kowane zagaye yankin da ake nema ya ninku biyu. Ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka mai da ita biyu, biyun huɗu, huɗun takwas. A zagaye na 30 ka haura biliyan ɗaya. A irin PCR da ake kallo yana tafiya, kowane kwafi yana ba da ɗan haske, na'ura kuma ta rubuta zagayen da hasken ya fara bayyana. Wannan lambar ita ce Ct. Ƙaramar lamba, kamar 15 ko 18, tana nufin bairas ya yi yawa tun farko. Lambar da ta doshi 35 ko 38 tana nufin ɗan ɓurɓushi ne aka tono.

Ƙarfin nan nasa shi ne kuma hatsarinsa. Ɗigon da ido ba ya gani daga aikin jiya ya isa ya ɓata na yau. Shi ya sa ake raba ɗakin haɗa ruwa da na tace samfuri da na na'ura, ba a komawa baya da riga ɗaya ko safar hannu ɗaya. Ga norobairas, da safo da astro, PCR ne gwajin da ake dogara da shi. Akwai kuma na'urori masu duba abubuwa da yawa a lokaci guda, irin su BioFire FilmArray, wanda ke neman ƙwayoyin cuta 22 na ciki, har da bairas biyar ɗin nan, cikin kamar awa ɗaya. Tsadarsa ce ta hana shi zama na kowa.

To in PCR ya fi kowane gwaji gani, me ya sa ba a watsar da sauran ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so ɗalibi ya yi. Wanda aka tarar a bakin rumbu ba lallai shi ya kwashe hatsin ba. Yaron da ya yi zawon rota ya warke yana iya ci gaba da fitar da ɓurɓushinsa na makonni, PCR kuma zai gan shi. Wani yaron ma bai yi ciwo ba sam, yana wasansa a tsakar gida, amma akwai noro ko adeno a kashinsa. Idan irin wannan yaron ya kamu da shigela aka kawo shi, PCR zai nuna abu biyu ko uku, a rasa wanne ne mai laifi.

An yi wani babban bincike mai suna GEMS a ƙasashe bakwai, Gambiya, Mali, Mozambik, Kenya, Indiya, Bangaladesh da Pakistan, aka wallafa shi a 2013. Hikimarsa ita ce duk yaro mai zawo da aka gwada, sai an gwada sa'ansa mai lafiya daga unguwarsu. Sai ga ƙwayoyin cuta da yawa a kashin masu lafiyar ma. Da aka auna bambancin, huɗu suka fito a matsayin manyan masu laifi, rotabairas na kan gaba, sai kiriftosforidiyom, da wani nau'in ikolai mai dafi, da shigela. Da aka sake duba samfuran da PCR mai auna yawa a 2016, adenobairas 40 da 41 ya hau sama fiye da yadda aka zata.

ELISA ba ya ganin ɓurɓushi, sai bairas ya yi yawa irin na mai ciwo. A wajen rota wannan raunin nasa alheri ne, don abin da ya kama galibi shi ne ya kwantar da yaron. A ganina takardar PCR da ta ce "an samu" ba tare da lambar Ct ba, rabin labari ta kawo wa likita.

Yaya ya kamata mu kawo kashin?

Nan ne sakamako ke gyaruwa ko ya lalace, tun kafin ya iso hannunmu. A karɓi kwalba mai murfi daga ɗakin gwaji, busasshiya, wadda ba a sa mata wani magani ba. Cokalin shayi ɗaya ko biyu ya isa idan ruwa ne, idan da ɗan kauri kamar ƙwayar gyaɗa biyu. A ɗeba daga fo mai tsabta wanda ba a bar omo ko bilic a cikinsa ba, kada ya haɗu da fitsari ko ƙasa. Famfas yana shanye ruwan zawo, bairas ɗin ya tafi da shi cikin audugar. Dabarar ita ce a juya shi bai-bai, ko a shimfiɗa leda mai tsabta a ciki, da yaro ya yi a kwashe nan take. A rubuta suna da rana a jikin kwalbar, ba a murfi ba, don murfi yana musanyuwa.

Kwanaki uku zuwa biyar na farkon ciwo su ne lokacin da bairas ya fi yawa. Bayan mako guda gwajin gaggawa da ELISA sukan daina ganinsa. Idan yaro yana kwance a asibiti kuma samfurin na sa ido ne, ana so a ɗauka cikin awa 48 da kwantar da shi, don bayan haka ba a san ko a gida ya kamu ko a gadon asibiti ba.

Wata shekara wani dattijo ya kawo mini na jikansa a kwalin ashana, daga wani ƙauye ta wajen Mashi, bayan ya kwana biyu a aljihu. Ya bushe ƙamas, ga yashi. Da na ce masa, "Baba, wannan ba zai yiwu ba," sai ya ce shi dai an ce ya kawo kashi, ba wanda ya faɗa masa a cikin me. Ban ga laifinsa ba. Tun daga ranar ba na miƙa kwalba sai na yi bayani.

Ga ma'aikata kuma: idan ba yau za a gwada ba, a sa a firji tsakanin digiri 2 da 8 na 'yan kwanaki. In zai daɗe a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili, in na shekaru ne 70 ƙasa da sifili. Daskarewa da narkewa a kai a kai, wanda ɗauke wuta ke jawowa, yana farfasa bairas ɗin, don haka a raba samfuri gida biyu ko uku tun farko, a riƙa ciro ɗaya. Kada a zuba masa fomalin irin na ajiye ƙwan tsutsa. Firjin rigakafi mai sola kuwa, duk da shi ne ba ya mutuwa a yawancin asibitocin karkara, ba wurin ajiye kashi ba ne.

Malam, a littafi mun karanta madubin lantarki da PAGE da shuka bairas. Har yanzu ana yin su?

Madubin lantarki shi ya gano dukkansu, kuma yana iya nuna baƙon da ba a san da shi ba, alhali gwajin gaggawa da ELISA da PCR abin da aka aike su nema kawai suke kawowa. Amma yana buƙatar ƙwayoyi kusan miliyan a kowace mililita kafin ya gani, ga tsada, ga son wuta tsayayya. Ya koma kayan manyan cibiyoyin bincike.

PAGE ina da sha'awarsa. Kundin rota gutsure 11 ne. Idan aka tace su aka tura su cikin jel da wutar lantarki, ƙanana su yi nisa manya su tsaya kusa, a rina da ruwan azurfa, sai layuka 11 su fito a jere: huɗu, biyu, uku, biyu. Wannan jerin shi ne tambarin rukunin A. Idan yara goma a ɗaki ɗaya suka fito da zane iri ɗaya sak, alama ce mai yiwuwa daga tushe ɗaya suka kamu. Ba ya cin kuɗi sosai, sai haƙuri.

Shuka bairas a ƙwayoyin halitta aikin masu haɗa rigakafi ne da masu bincike. Rota yana tsirowa a ƙwayoyin ƙodar biri da ake kira MA104 idan an taimaka masa da wani enzayim mai suna tirifsin. Noro kuwa ya ƙi shukuwa shekara arba'in da wani abu, sai a 2016 masu bincike a Hustan ta Amurka suka samu kansa a cikin ƙananan hanji da suka raina a faranti.

Mene ne G1P[8] da irinsu?

Sunan gidan rota ne. A rigarsa ta waje akwai furotin biyu, VP7 da ke ba da lambar G, da VP4 da ke ba da lambar P. G1P[8] ya daɗe yana kan gaba a duniya, amma a Afirka ta Yamma nau'o'in suna da yawa, suna kuma sauyawa daga shekara zuwa shekara, har G12 da a da ba a cika ganinsa ba an sha samunsa a Najeriya. Da PCR ake gano lambobin, ko a karanta jerin haruffan kundin gaba ɗaya. Samfuran sa ido na yankinmu akan tura wasu Cibiyar Noguchi da ke Jami'ar Gana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa wannan aiki.

Mutanen Katsina ba baƙin irin wannan tafiya ba ne. Shekara da shekaru, duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya ana ɗaukar kashinsa sau biyu, tsakaninsu awa 24, a sa a kula da ƙanƙara a kai ɗakin gwajin shan-inna na Ibadan ko Maiduguri. Da irin waɗannan kwalaben aka kafa hujjar da ta sa aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na daji a watan Agustan 2020.

In an gano bairas ne, wane magani za a ba shi?

Babu maganin da ke kashe ko ɗaya daga cikin biyar ɗin. Jiki ne ke korar su, zawon rota kan tsaya cikin kwana uku zuwa takwas. Abin da ke kashe yaro ƙarewar ruwa ce, don haka maganin shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙulli, ORS, a dama a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi da cokali, ko yana amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. A haɗa da zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Nono kada a tsayar, abinci ma haka. Kuma duk wannan a fara shi tun zawon farko, kada a ce sai sakamako ya fito.

Flagyl da Septrin da ja-da-yalo da ake saya a kyamis ba su taɓa bairas. Yaro ya sha kwana uku zawon ya tsaya don kansa, a ce magani ya yi. Babban amfanin gwajin ga yaro ɗaya ke nan: ya ba likita hujjar ce wa uwa ta ajiye waɗannan magungunan, ya kuma sa a ware gadon yaron daga na jarirai da masu tamowa. Amfaninsa ga gari ya fi haka, don da shi ake sanin ko rigakafi na aiki, da kuma abin da ya ɓarke idan yara suka kwanta da yawa a unguwa ɗaya.

Idan yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko fatar cikinsa in an ja ta ba ta komawa da sauri, ko an ga jini, ko zawon ya kai kwana 14, asibiti za a nufa ko da dare ne. In da zazzaɓi a duba maleriya.

An yi masa rigakafin rota, amma ga shi yana zawo, gwaji kuma ya nuna rota. Rigakafin bai yi ba ke nan?

Najeriya ta sa rigakafin rota cikin jerin na yara a watan Agustan 2022, ɗigo ne a baki a mako 6 da 10 da 14. Bairas ne mai rai da aka raunana, don haka a kwanakin da suka biyo bayan ɗigon, musamman na farko, yana fita a kashi, gwaji kuma yana iya kama shi. Ku riƙa zuwa da katin rigakafi, ku faɗa mana ranar ɗigon ƙarshe.

Bayan haka, alƙawarin rigakafin shi ne ya rage zawo mai tsanani, irin mai kai yaro ga ƙarin ruwa ko kabari. Yaro na iya kamuwa ya yi mai sauƙi. Kuma ba ya kare shi daga noro ko adeno ko shigela. A ƙasashen da yara da yawa suka samu ɗigon, norobairas ne ya hau kujerar rota a ɗakunan yara.

Ba za a iya ganowa ta jini ba?

Ba a gano shi ta jini a aikin yau da kullum, don kusan kowane yaro yana da antibodin rota daga haɗuwar baya. Jinin da likita ke ɗiba don ya ga gishirin jiki ne da sukari da aikin ƙoda.

Amai da gudawa da ake sanarwa a rediyo da damina, shi ne wannan?

Wancan kwalara ce, bakteriya ce, tana da nata gwajin gaggawa kuma ana shuka ta. Ita ce ta ratsa jihohin arewa har da Katsina a 2021. Tana kayar da manya cikin awoyi, kashinta kamar ruwan wankin shinkafa. Idan babba da yaro suka kwanta tare da irin wannan, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take.

Sauran yaran gida ma mu kawo nasu a gwada?

In lafiyarsu ƙalau, a'a. Abin da za a samu ba zai canza komai ba. Ƙarfin a sa shi a wanke hannu da sabulu da ruwa bayan an wanke wa yaro, da kafin a dama kunu. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya cin norobairas sosai, sabulu ya fi shi. Fo da daɓen da amai ya zuba a wanke da ruwan bilic, don rota yana kwanaki da ransa a busasshen wuri. Zanen goyo da kunzugu a wanke su daban a shanya a rana, mai zawon kuma a ware masa kofinsa da cokalinsa har kwana biyu bayan cikin ya tsaya.